Nutso da tukunyar iska inda murjani da nitsattsun jirage suke: yadda abin yake

Duk wanda ka nuna wa bidiyon masu nutso a teku, su da tukunyar iska a baya suna shawagi cikin kifaye, tambayar da zai fara yi maka ita ce "to kifin shak fa, ba ya cinye su?" Gaskiya shak ɗin nan shi ne abu na ƙarshe da malamin nutso zai ɓata lokacinsa a kai. Abinda ya fi tayar masa da hankali iskar da ke cikin jikinka ce, wadda ke kunnenka da huhunka da jininka, da yadda nauyin ruwa ke juya ta. In ka gane wannan to sauran bayanin, na duwatsun murjani da na jiragen da suka nitse, zai zo maka da sauƙi, don duk daga nan ya taso.

A nan doron ƙasa iskar sama tana danne mu da matsin da ake aunawa a ce bar 1, mun saba da shi shi yasa ba ma ji. Ruwan teku kuwa nauyi gare shi, duk mita 10 da ka sauka an ƙara maka bar 1. Wato a mita 10 kana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Naman jiki da jini ba ruwansu da wannan, don kusan duk ruwa ne, ruwa kuma baya matsuwa. Iska ce ke matsuwa. Tun 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya rubuta ƙa'idar, cewa in matsi ya ninka biyu girman iska zai koma rabi, in matsin ya ragu kuma ta kumbura. Lura da wani abu da sababbin shiga basa tsammani: daga saman ruwa zuwa mita 10 matsin ninkawa yake yi cif, amma daga mita 20 zuwa 30 daga 3 ne kawai ya koma 4. Kenan canji mafi tsanani yana can sama kusa da haske, inda mutum yake ganin ai ya riga ya tsira.

Kunne ne zai fara faɗa maka. Ko mita 2 baka kai ba zaka ji kamar ana tura maka dodon kunne ciki, sai ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali har kaji ya yi ɗan ƙas, iska ta shiga ta daidaita, kuma haka zaka riƙa yi a kai a kai tun kafin zafin ya zo. In ya ƙi buɗewa ka ɗan hau sama ka sake gwadawa, ba'a yi masa dole. Shi yasa mai mura ba ya nutso, hanyar a toshe take.

Huhu kuma tasa matsalar a wajen hawa take. Na'urar da kake saƙalawa a baki, regileta, aikinta ta rage ƙarfin iskar tukunya ta baka ita daidai da matsin ruwan da kake ciki, shi yasa kake numfashi lafiya lau a ƙasa. To ka cika huhu a mita 10 ka riƙe numfashi ka taso, iskar nan zata nemi ta ninka biyu a cikin ƙirjinka, huhun ya yage, kumfa ta shiga jijiyar jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba. Dalilin kenan da dokar farko da ake koya wa kowa, a kowace makaranta a kowace ƙasa, ita ce kar ka taɓa riƙe numfashi, ko regileta ta fita daga bakinka ka ci gaba da sakin ƴan kumfa har ka lalubo ta.

Mutane da yawa suna cewa "tukunyar oksijin", amma ba oksijin zalla bane a ciki. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan 78 naitirojin. Oksijin zalla in ka wuce wajen mita 6 da shi guba yake zama, yana sa mutum jijjiga kamar farfaɗiya, kuma jijjiga a ƙarƙashin ruwa ai magana ta ƙare. Tukunyar da aka fi amfani da ita lita 12 ce a cika ta zuwa bar 200, wato lita 2,400 kenan na iska. Mu ɗauka mutum yana shan lita 20 a minti ɗaya a sama, zata kai shi awa 2. Amma a mita 30 kowane numfashi yana cin ninki 4, sai ya zama minti 30 kacal, kuma ba'a shanyewa ƙaf, ana so ka fito da aƙalla bar 50 a ajiye. Ka ƙara da cewa in ka tsorata ko kana kokawa da igiyar ruwa numfashinka zai ninka. Mai natsuwa da mai rawar jiki su shiga da tukunya iri ɗaya, ɗaya ya fito da rabi ɗaya yana ta nuna wa jagora agogon iskarsa ido a waje.

Sai naitirojin ɗin nan da jiki baya amfani da shi. A ƙasa matsi yana tura shi ya narke cikin jini da tsoka, iya zurfinka iya daɗewarka iya yawan da zaka kwasa. Kamar kwalbar lemo ce da ba'a buɗe ba, baka ganin gas ɗin don a matse yake, in ka buɗe a hankali ya fita salin alin, in ka girgiza ka ɓalle murfin lokaci ɗaya kumfa ta taso. Mutumin da ya yi sauri wajen hawa haka kumfar zata taso masa a gaɓoɓi da laka da jini, daga ciwon gwiwar hannu da kasala da ƙaiƙayin fata har zuwa shanyewar ƙafafu, wani lokacin ma sai bayan awanni da fitowa abin zai bayyana. Wani masani ɗan Sikotland, John Scott Haldane, shi ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908 don sojojin ruwan Birtaniya, kuma kwamfutar da masu nutso ke ɗaurawa a hannu yau yawanci a kan tunaninsa aka gina lissafinta. Jadawalin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, yana ba mutum minti 56 a mita 18, amma a mita 30 minti 20 ne kawai. Ana hawa a hankali, wajen mita 9 zuwa 10 a minti, sannan a tsaya a mita 5 na minti 3 kafin a fito. Ga kuma wani abu daban da naitirojin ke yi daga wajen mita 30, yana sa maye, tunani ya yi nauyi, mutum ya kalli agogon iskarsa ya ga lamba amma ya kasa gane me take nufi, wani ma ya ji daɗi ya ƙi hawa. Maganinsa kawai a ɗan taso sama, nan take ya washe. Shi yasa takardar shaidar nutso ta farko mita 18 ce iyakarta, ta biyu 30, masu nutson shaƙatawa kuma gaba ɗaya basa wuce 40.

To duk wannan wahalar don me? Don abinda ke ƙasan. Tunda mai binciken teku Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa regileta ta zamani a Faransa a 1943, mutum ya samu damar yawo a ruwa ba tare da tiyo ya ɗaure shi da jirgi ba, kuma wurare biyu ne suka fi jan mutane, duwatsun murjani da jiragen da suka nitse. Bari in ɗauki arewacin Bahar Maliya ta ɓangaren Masar a matsayin misali, wajen Sharm El-Sheikh da Hurgada, don a nan abubuwan biyu a manne suke da juna.

Murjani dai dabba ce fa, duk da kana ganinsa kamar dutse ko itace. Ƴan mitsi-mitsin halittu ne masu baki ɗaya da ƴan hannuwa kewaye da shi, kowanne ya gina wa kansa ɗan ƙoƙo na farar ƙasa ya zauna, ƴaƴa su gina a kan na iyaye, shekaru dubbai har ya zama katanga. In ka je da dare da tocila ka matsa kusa ba tare da ka taɓa ba, abinda da rana ka ɗauka busasshen dutse ne zaka ga ya yi gashi-gashi, duk ƙoƙon nan ya buɗe ya miƙo hannuwa yana kamun abinci a ruwa, wani in hasken ya daɗe a kansa sai ya janye ciki. A cikin namansa akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ke haɗa abinci da hasken rana ta ba shi mafi yawan abinda yake ci, ita ce kuma ke ba shi launi. Shi yasa murjanin da ke gina katanga yake son ruwa garau mai ɗumi mara zurfi. In zafin ruwa ya ɗara wanda ya saba da shi da digiri 1 kawai na tsawon makonni sai ya kori gansakukar ya koma fari fat, bai mutu ba tukuna amma yunwa ta fara, in zafin ya daɗe ya mutu. An ga haka a duniya a 1998, an gani a babbar katangar murjani ta Ostireliya a 2016, a Afrilun 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka mai lura da teku da yanayi ta sanar da karo na 4 da abin ya game duniya. Duwatsun murjani wuri ne da bai kai kashi 1 cikin ɗari na ƙasan teku ba amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku suna rayuwa ta dalilinsa.

Manyan dunƙulallun murjanin nan wajen santimita 1 suke ƙaruwa a shekara, masu rassa sun fi sauri, suna iya kai 10. Yanzu ka auna mutum ɗaya da bai iya tsayar da kansa a ruwa ba, yana ta wutsil-wutsil da faffaɗan takalmin iyo, duka ɗaya ya karya reshen da ya yi shekaru yana fitowa, shi bai ma san ya yi ba yana can yana ɗaukar hoto. Ni a wajena wannan ne ma'aunin gwani, ba zurfin da ya taɓa kaiwa ba. Kana da darma a ƙugu tana janka ƙasa, kana da jaket mai iska tana ɗaga ka, rigar robar jikinka tana matsuwa in ka sauka sai ka ƙara nauyi, tukunyar kuma tana rage kusan kilo 3 kafin ka gama, duk wannan sai ka daidaita har ya zama ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, ka ja numfashi ka ɗan taso, ka saki ka ɗan sauka. Kuma taɓawar ba murjanin kaɗai take cutarwa ba, akwai wanda ke ƙuna kamar wuta, akwai kifin da ke kwanciya kamar dutse da ƙaya mai dafi a baya, yawancin raunin da ake samu a irin wurin hannun mutum ne ya je inda ba'a aike shi ba.

Wani zai ce me ya haɗa jirage da murjani kuma? Ai murjanin ne ke kayar da su. Yana girma ne zuwa sama yana neman haske har ya zo dab da saman ruwa ya tsaya, daga nesa ba'a ganin komai, musamman da dare ko in rana ta yi ƙasa tana haske ido. A bakin mashigin Gubal, hanyar jiragen da ke zuwa Suwez, akwai wata katanga da ake kira Sha'ab Abu Nuhas, gefenta ɗaya jirage 4 ne a jere. Carnatic ya hau ta a Satumban 1869, wata 2 kafin a buɗe mashigin Suwez, ya kwana a kai fasinjoji suna ciki kafin ya rabe biyu, mutum 31 suka mutu. Kimon M a 1978 da lodin adas, Chrisoula K a 1981 da tayil, Giannis D a 1983 da katako. Daga baya kuma murjanin ya bi su ya hau, don ƙarfe wuri ne mai tauri da zai kama, yanzu Carnatic haƙarƙarinsa kawai ya rage, murjani mai laushi ya lulluɓe shi, ƙananan kifaye masu sheƙi sun cika cikinsa. Har da gangan ma ake yi, a 2006 Amurka ta nitsar da tsohon jirgin yaƙinta Oriskany a gaɓar Fulorida don ya zama gidan kifi.

Wanda ya fi suna a yankin dai Thistlegorm ne, shi ba murjani ne ya ci shi ba, yaƙi ne. Jirgin dakon kaya na Birtaniya, ya taso daga Gilasgo a Yunin 1941 da kayan soja zai kai Iskandariya, ya zagayo ta Afirka ta Kudu don Bahar Rum ba ta biyuwa lokacin. Yana tsaye yana jiran a ba shi hanya, daren 6 ga Oktoba 1941 jiragen saman Jamus da suka taso daga tsibirin Kirit suka jefa masa bam, ya faɗa rumbun da harsasai suke, jirgin ya tarwatse ta baya, mutum 9 suka mutu. Kan jirgin ƙasa guda 2 da ke ɗaure a samansa fashewar ta yi jifa da su, yanzu suna kwance a yashi ɗaya dama ɗaya hagu. Cousteau ya gano shi a shekarun 1950, aka manta da shi, sai farkon shekarun 1990 masu nutso suka dawo kansa. Ƙasansa wajen mita 30 ne. In ka shiga rumbunan gaba zaka tarar da motocin Bedford a jere, a bayansu babura ƙirar BSA da Norton, tayoyinsu har yanzu da zanen roba, tsatsa ta mai da tankunan mansu launin ruwan ƙasa, ga takalman roba dogaye a zube, ga bindigogi sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya. Ja shi ne launin da ruwa ke fara shanyewa tun daga wajen mita 5, don haka komai shuɗi-shuɗi ne sai inda tocilarka ta haska.

Amma shiga cikin jirgi wani karatu ne daban, kuma anan ne nake ganin mutane suna wasa da rai. A buɗaɗɗen ruwa komai ya lalace kana da hanya ɗaya, sama. A cikin jirgi samanka ƙarfe ne. Ƙasan ɗakunan cike yake da laka mai laushi da garin tsatsa da suka yi shekaru suna kwanciya, bugun ƙafa ɗaya mara kyau ya tayar da su, cikin daƙiƙa kaɗan ko hannunka baka gani, tocila ma ba ta da amfani don hasken dawo maka yake, ga jirgin wataƙila a karkace yake kamar bayan Giannis D inda bango ya zama ƙasa, kai ya juya ka rasa ina ne ƙofar da ka shigo, iska kuma tana ta tafiya ninki 3 ko 4. Ga wayoyi da ragar masunta da ke kama tukunya ta baya inda hannu baya kaiwa. Waɗanda suka koyi abin suna shiga da zare a kan kwarkwaro su ɗaure daga waje suna warwarewa, da tocila fiye da ɗaya, da wuƙa, suna harba ƙafa gefe-gefe irin na kwaɗo don kar su tada laka, iskar kuma su kasa ta 3, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba'a taɓa shi. Wanda bai yi wannan horon ba ya zagaya ta waje, wallahi abin kallo a wajen ma ya ishe shi.

Su ma jiragen muna cutar da su. Kumfar da masu nutso ke fitarwa tana taruwa a rufin ɗakuna tana ƙara wa tsatsa gudu, jiragen yawon buɗe ido suna ɗaure igiyoyinsu a jikin ƙarfen da ya riga ya ruɓe, igiyar ruwa ta ja su su ɓalle wani sashe. A 2007 ƙungiyar HEPCA ta Masar mai kare muhallin teku ta sa wuraren ɗaure jirage a gefen Thistlegorm ta kuma huda ramuka don iskar ta riƙa fita. Sai masu ɗan hali, sitiyarin motoci da tambarin babura da yawa an ɓalle an tafi da su, abinda in ya fito iska ma rugujewa yake yi a ɗakin mutum. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 tana kare abinda ya shekara 100 a ruwa, jiragen yaƙin duniya na biyu basu kai ba tukuna, sai dai dokar ƙasar da suke ruwanta.

Wani jirgin kuma kabari ne. Salem Express ya taso daga Jidda a Disamban 1991 zai je Safaga, cike da fasinjoji, da yawansu daga Makka suke dawowa, ya bugi murjani da dare cikin hadari ya nitse cikin kimanin minti 20. Adadin hukuma ya kai wajen mutum 470, kuma ba duka gawarwakin aka fitar ba. Ana nutso a wurin har yau, akwatuna da kayan mutane suna nan a yashi. Akwai jagororin da basa yarda su kai kowa, akwai masu kaiwa amma su ce ba shiga ciki ba taɓa komai. Ni ina tare da masu cewa in ma za'a je to a tsaya daga waje, a yi musu addu'a, kar a buɗe jakar kowa don hoto, waɗannan mutanen suna da ƴaƴa da jikoki a raye.

Ga wanda abin ya ba sha'awa, ba'a koyonsa a bidiyo. Kwas ɗin farko kwana 3 zuwa 4 ne, karatu, sai kwamin wanka, sai nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa da malami, kuma za'a baka takardar tambayoyin lafiya, mai asma ko ciwon zuciya ko farfaɗiya sai likita ya duba shi, kar ka ɓoye. Ba'a nutso mutum ɗaya, kai da abokinka kowa ya duba kayan ɗan'uwansa kafin a faɗa ruwa. Magana da hannu ake yi, kuma ɗaga babban yatsa a can ba "lafiya lau" yake nufi ba, yana nufin mu hau, lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Duk wanda ya ce a hau to an hau, ba gardama ba tambayar dalili. Ka tambayi masu jirgin ko suna da oksijin na taimakon gaggawa a ciki da kuma inda ɗakin matsi mafi kusa yake, wanda ake sa mai ciwon kumfa a mayar da shi ƙarƙashin matsi a sauko da shi a hankali, Sharm El-Sheikh da Hurgada duk suna da shi. Bayan ka fito kuma naitirojin bai gama fita ba, don haka ba hawa jirgin sama sai bayan awa 12 in sau ɗaya ka yi, awa 18 in ka yi ta maimaitawa, da yawa ma cewa suke a bari kwana guda cur, haka nan hawa dutse mai tsawo irin na Sina'i a ranar, shi ma a bari sai gobe.